Kicin ɗin Verna da Giredar Gari

Rigimar daga gireda ta faro, wato motar da ke share hanya tana daidaita ta. Giredar garin Brackett ta tsufa, tsufan da idan aka tashe ta a gareji sai an ji tarinta har bakin gada, kuma majalisar gari, mutum uku rak, ta dage bana sai an sayi sabuwa. To amma harajin gidaje da gonaki ya riga ya kai wa mutane iya wuya, kuma kashi uku cikin huɗu na harajin nan makaranta ke lashe shi. Saboda haka shugaban majalisa, Royce Tatro, ya aika wa hukumar makaranta takarda cewa ta rage kasafinta da dala dubu sittin. Bai ma ɓoye inda yake so wuƙar ta faɗa ba: a rufe kicin, a sallami mai dafa abinci, a riƙa kawo wa yara abinci a rufe cikin roba daga wani kamfani a birni.

Hukumar makaranta ta ƙi ƙememe. Shugabarta, Noreen Pelkey, ta ba shi amsa a jaridar mako cewa in majalisa na son gireda ta je ta nemi kuɗinta, yara ba sa cin ƙarfe. Royce ya mayar da martani, Noreen ta rama. Haka aka yi mako shida. Abin ya kai ran Asabar a jujin gari, inda kowa ke kai shararsa ya tsaya hira, 'yan majalisa na tsayawa wajen kwalabe, 'yan hukumar makaranta wajen kwalaye, ba mai ce wa wani kanzil. Mu a Brackett, in gaba ta kai juji, to ta yi tsanani.

Wadda ake wannan sa-in-sa a kanta ita ce Verna Bouchard. Shekararta ashirin da bakwai tana dafa wa 'yan makarantar abincin rana, yanzu yara tamanin da uku. Tana da shekara sittin, hannunta duk tabon ƙunar tanda, muryarta kuwa ko tana raɗa sai an ji ta a aji na uku. Ba ta rubuta wa jarida komai ba, ba ta kai kuka gidan kowa ba, amma tsoro take ji, tsoro na gaske. Ba albashin kaɗai ba, ko da yake shi ma ba abin wasa ba ne ga macen da mijinta ke fama da ciwon baya. Ta rasa yadda za ta wayi gari ta ɗora tukunyar mutum biyu, ta yini tana kallon motar makaranta na wucewa ta ƙofar gidanta. Abin da ya ƙara mata takaici, ba ta da ƙuri'a a maganar. Gidanta taku arba'in ne ya tsallake iyaka ya faɗa garin Sudley, don haka a idon doka ita baƙuwa ce a Brackett.

Tunda hukumomin biyu sun kasa daidaitawa, sai taron gari ya raba gardama. Talatar farko ta watan Maris kowa kan hallara a zauren wasanni na makaranta, a zauna kan kujerun ƙarfe, a bi kasafi layi-layi. Tun kakanni, da safe ake sha'anin gari, sha biyu daidai a tashi a ci abinci, wanda yanzu Verna ke dafawa, ɗaya da rabi a shiga sha'anin makaranta. Kuma a cikin shekara ashirin da bakwai ɗin nan kasafin makaranta bai taɓa faɗuwa ba. Kowa ya san dalili, ko da ba a faɗa. Iyayen yara da ke aiki a birni rabin rana suke ɗauka, sai da rana suke isowa. Sannan mutumin da ya cika cikinsa da gasasshen wake mai zumar da ake tatsa daga itacen mapul, ya ɗora da kazar da aka lulluɓe da ƙullin fulawa aka gasa, ba ya iya ɗaga hannu ya ce a'a. Ko hannun ma nauyi yake masa.

Royce ba yaro ba ne, shi ma ya san wannan. Da aka zo buga sanarwar taron bana sai ya juya tsarin: makaranta ƙarfe tara na safe, sha'anin gari bayan abinci. Ya kai wa Noreen takardar a wurin aikinta tana tsakiyar waya, ta sa hannu ba ta karanta ba. Sai da aka manna ta a ƙofar kanti da gidan waya sannan ta gani. Ta je wurin Verna kamar za ta yi kuka.

"Na kashe ki da hannuna, Verna. Ni da nake ce wa yara su karanta kafin su rubuta suna!"

"To ai kin rubuta. Matsa mini, kin tsaya a gaban firij."

Ran taron, Verna ta iso kicin shida na safe, takalmanta sun yi dama-dama da caɓi, don ƙanƙara ta fara narkewa. Ta yi tunanin ko ta yi musu abincin da ba su taɓa ci ba, sai kuma ta ji kunyar kanta. Ba za ta roƙi mutane da tukunya ba. Ta ɗora abin da ta saba ɗorawa kowace shekara, ba ƙari ba ragi, ta zuge tagar da ake miƙa abinci kaɗan, yadda za ta riƙa hango zauren.

Takwas da rabi tsoho Elwood Pike ya ƙwanƙwasa ƙofar baya, kamar yadda ya saba, ya zo karɓar kofi kafin kowa. Elwood shekararsa tamanin da huɗu, ya sayar da shanunsa tuntuni, kuma tun da aka san shi bai taɓa cewa e ga wani abu da za a kashe wa kuɗi ba. Ya ƙi fitilun titi, ya ƙi motar kashe gobara, ya ƙi a yi wa maƙabarta shinge, wai waɗanda ke ciki ba fita za su yi ba, na waje kuma ba sa ɗokin shiga. Bayan haka ga shi da surutu. Idan ya miƙe a taro mata kan ciro saƙarsu, maza su fita shan iska.

"Wake ne?" ya ce, yana shaƙar iska.

"Wake ne. Na ƙarshe, in kun samu yadda kuke so."

"Haraji ya yi yawa, Verna."

"Na ji. Karɓi kofinka ka ba ni wuri."

Ya karɓa, ya tsaya yana kallon tandar kamar mai son ƙara magana, sai ya juya ya tafi.

Tara daidai Marjorie Colby ta buga 'yar gudumarta ta katako. Ita ke jagorantar taron gari shekara goma sha tara, tun kafin ta yi ritaya daga gidan waya, kuma littafin dokokin taro a kanta yake. Aka karanta rahotanni, aka zaɓi wanda za a zaɓa, aka yi gardamar minti ashirin kan rufin ɗakin karatu. Verna na yanka albasa tana leƙe. Zauren rabi ne, kuma yawanci furfura ce da hulunan manoma. Ta ƙirga fuskokin da ta san nata ne, ta sake ƙirgawa, ba su kai ba.

Sha ɗaya saura kwata Royce ya miƙe. Mutum ne dogo, shekara talatin da 'yan kai, yana da shagon gyaran tarakta, kuma ba mugu ba ne, in dai za a faɗi gaskiya. Ya gabatar da gyaransa, a rage dubu sittin, wani ya goya masa baya. Ya yi bayani a natse, ya ce ba da kowa yake faɗa ba, hanyoyi ne sun lalace kuma aljihun mutane ya huje. Noreen ta miƙe ta mayar masa da zafi, har ta kira giredar abin wasan manya, abin da bai ƙara mata ko ƙuri'a ɗaya ba. Mutum uku suka yi magana, biyu na bayan Royce. Sha ɗaya da minti goma aka ga alamar mutane sun gama yanke shawara.

"Akwai mai sauran magana kafin mu kaɗa ƙuri'a?" in ji Marjorie.

Hannu ɗaya ya tashi a layin gaba, sannu a hankali. Zauren gaba ɗaya ya yi nishi.

"Elwood Pike," in ji Marjorie, "wuri naka ne."

Dokar taronmu ita ce, wanda aka ba magana ba a katse shi. Mai son a rufe muhawara sai ya jira ya zauna. An sha yunƙurin sa wa kowa iyakar minti biyar, amma duk shekarar da aka kawo shawarar Elwood kan miƙe ya yi magana a kanta har mutane su gaji su janye.

"Madam shugaba," ya fara, yana gyara tsayuwa a kan sandarsa, "ni ina bayan Royce ɗari bisa ɗari. Haraji ya yi yawa. Amma don a gane yadda ya yi yawa, sai an san yadda yake a da."

Royce ya gyaɗa kai yana murmushi, murmushin da bai yi minti biyar ba ya fara bushewa. Elwood ya koma shekarar da ya shiga aji ɗaya, makarantar ɗaki guda da ke kan tudu, da murhun itacen da kowane uba ke kawo wa guntun icce. Ya faɗi sunayen iyayen ɗaya bayan ɗaya, da wanda iccensa ɗanye ne. Daga nan ya gangaro kan dankalin da uwarsa ke gasa masa ya sa a aljihu, ya ɗumama hannu da safe ya ci da rana. Dankali ya kai shi ga shekarar ambaliya, ambaliya ta kai shi ga kwalbatin da ke bayan gonarsa, wanda majalisa ta yi masa alkawarin gyarawa tun Royce na tsumma.

Sha ɗaya da rabi Royce ya miƙe.

"Madam shugaba, wannan bai shafi maganar da ke gabanmu ba!"

Marjorie ta dube shi ta saman tabarau. "Elwood, ya shafa?"

"Yanzu zan zo wurin."

"Ya ce yanzu zai zo wurin. Zauna, Royce."

Verna ta daina yankan burodi. Ta dubi agogon bangon zauren, ta dubi tsohon. Ba ta san ko da gangan yake ba ko halinsa ne kawai, amma hannunta ya san abin yi. Ta zuge tagar nan har ƙarshe, ta buɗe tanda, ta fito da farantan kazar ta jera su a bakin taga, wai don su sha iska. Ta kuma kunna fankar da ke bayanta. Wannan kam ba roƙo ba ne, in ji ta a ranta, kicin ne ya yi zafi. Ƙamshi ya malala cikin zauren, kawuna suka fara waiwayowa ɗaya-ɗaya, wani manomi a layin baya ya haɗiye yawu har aka ji.

Elwood na kan labarin wata saniyarsa da ta haye rufin rumfa a shekarar da dusar ƙanƙara ta yi yawa. Ƙofar zaure ta fara buɗewa tana rufewa, iyaye na shigowa da kayan aiki a jikinsu, ma'aikatan jinya, masu aikin katako, direbobi, suna tsayawa a jikin bango suna tambayar an kaɗa? Aka ce ba a kaɗa ba, Elwood ne. Sai ka ga mutum ya dafe ƙirji yana dariya ba sauti. Royce ya kifa kai a kan tebur.

"To wannan saniya," in ji Elwood, "da muka kawo tsani..."

Guduma ta sauka. "Sha biyu. An tashi sai ɗaya da rabi."

Mutanen da suka yi shekara talatin suna gudun maganar Elwood, ran nan tafa masa suka yi. Shi kuwa ko a jikinsa, ya riga kowa isa taga da tirensa.

"Zuba da yawa, maƙogwarona ya bushe."

Verna ta zuba masa, ta sunkuyo ta rage murya, wato yadda rabin layi kawai zai ji. "Elwood, da gangan ka yi?"

"Me na yi? Ni ƙuri'ar korarki zan kaɗa, kada ki ruɗi kanki. Amma in aka kore ki tun ƙarfe sha ɗaya, wa zai ci wannan wake da daɗin rai? Ƙara mini romo."

Ta ƙara masa har sau biyu. Royce ya zo can ƙarshen layi, ya miƙo tire yana kallon gefe.

"Sannu da aiki, Misis Bouchard."

"Ɗago kai mana, ba a cin abincina da sunkuye. Ɓawon gefe kake so, ko ka daina?"

"Ban daina ba," ya ce a hankali. Ta yanko masa inda ya fi gasuwa.

Ɗaya da rabi aka koma, zauren ya cika har ana ɗauko kujerun yara daga azuzuwa, ƙartin maza na zaune gwiwa a haɓa. Sai dai Verna ba ta saki jiki ba, don cikar zaure ba ita ce ƙuri'a ba. Marjorie ta ce Elwood na da sauran magana, aka duba aka ga ya jingina da sandarsa barci ya kwashe shi, aka wuce.

Wata mata ta miƙe, Doris Lavigne, mai kiwon kaji a hanyar tudu, mijinta ya rasu bara. Ba ta iya magana a taro ba, sai ta riƙe 'yar takarda tana dubawa. Ta ce ita ba ta da ɗa ko jika a makarantar, kuma bana sai da ta sayar da filin da ke bakin rafi kafin ta biya haraji. Ta ce ba ta ƙin kowa, amma tana so wani ya gaya mata ina kuɗin kicin ɗin nan ke tafiya, don ita ta gaji da ji ana cewa don yara ne, don yara ne. Ta zauna. Ba wanda ya yi dariya, don kowa ya san filin, kuma kowa ya san ba ƙarya ta yi ba.

Noreen ta hau binciken takardu, ta buɗe wannan ta rufe wancan, shafin ya ɓace mata. Verna ba ta san sanda bakinta ya buɗe ba.

"Doris, ai wani yana dawowa gidanki! Ƙwai nawa nake..."

Guduma. "Verna," in ji Marjorie, kuma ana ji a muryarta ba daɗi take ji ba, "ba ki da izinin magana. Ke ba 'yar Brackett ba ce."

Maganar gaskiya ce, doka ce, kuma Verna ta san da ita. Amma jin ta a bainar jama'a, a zauren da take goge wa tebura shekara ashirin da bakwai, sai ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Kunya ta kama ta, ta ja da baya daga tagar tana goge hannu a jikin rigar aikinta, hannun da ba abin da ya taɓa.

"Baƙo na iya magana," Marjorie ta ci gaba, tana bin zauren da ido, "in wani ɗan gari ya nema masa, kuma biyu cikin uku suka yarda."

Noreen ta yunƙura, amma kujerar da ke kusa da ita ta riga ta yin ƙara. Royce ne a tsaye.

"Madam shugaba, na nema mata."

Aka waiwayo ana kallonsa. Ya ɗaga kafaɗa, fuskarsa ta yi ja. "Me kuke kallona? A ƙuri'a nake so in yi nasara, ba da toshe bakin mutane ba."

Masu goyon baya suka ɗauka daga ko'ina. Da Marjorie ta ce masu yarda su ce e, sai da gilashin tagogi ya amsa. Masu ƙi fa? Ƙarar ta tashi Elwood daga barci, ya ce "A'a!" shi kaɗai, bai ma tambayi a kan me ba.

Verna ta fito ta ƙofar kicin, ta ratsa zauren, da ludayi a hannu don ta manta ta ajiye. Aka miƙa mata makirfo ta ture.

"Ban saba da wannan ba, kuma ba na bukatarsa. Doris, ƙwai dozin goma sha biyu nake saya a wurinki duk mako, kuma kin san ban taɓa neman ragi ba. Dankalina na gonar ƙanin baban Royce ne, ga shi can yana ɓoye fuska. Madara daga tudu take zuwa, tuffa daga lambun bayan coci. Kamfanin birni ban san inda zai sayi nasa ba, amma na san ba a hanyar tudu ba ne." Ta numfasa. "Ba zan ce muku haraji ba nauyi ba. Ni ma ina biyan nawa a Sudley, ina zagi kamar yadda kuke zagi. Abu ɗaya zan gaya muku wanda ba ya cikin takardun Noreen. Ran Litinin nakan dafa fiye da kullum, don akwai yaran da tun Juma'a ba su ci wani abin kirki ba. Ba sa faɗa, ni ma ba na tambaya, sai dai in ce tukunya ta yi saura, wa zai taimake ni? Bana su tara ne. Kowace shekara akwai su. Wasu suna zaune a nan yau da gemunsu da motocinsu, ban taɓa faɗin sunan kowa ba kuma ba zan faɗa ba. Abincin roba a ƙirge yake zuwa, ɗaya-ɗaya, ba ya saura. Shi ke nan. Akwai sauran wake ga mai so."

Ta juya ta koma kicin da sauri. Ba a yi tafi ba. Maza da yawa sun sami abin kallo a kan takalmansu, wasu mata na neman hankici a jaka.

Can baya wani ya yi gyaran murya. Clem Dufresne ne, shugaban masu gyaran hanya, wanda shi ke tuƙa giredar, mutumin da a shekara ba ya yin magana goma a taro.

"Madam shugaba, ni dai... in za a saya mini sabuwar giyar inji da tayoyi biyu, tsohuwar giredar za ta ƙara shekara biyu. Ƙila uku."

Royce ya juyo baki buɗe. "Clem! Kai fa ka ce mini mutuwa take yi!"

"Mutuwa take yi mana. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana yi."

Zauren ya fashe da dariya, dariyar mutanen da suka daɗe suna riƙe numfashi. Har Doris Lavigne sai da ta rufe baki da takardarta. Marjorie ta yi ta buga guduma ba mai ji.

Duk da haka ba a gama ba. Mutum bakwai suka ɗaga hannu suka nemi a yi ƙuri'ar takarda, wadda ba mai ganin abin da wani ya rubuta, kuma nan ne ake sanin gaskiyar mutane. Mai tafa maka a fili yana iya rubuta akasin haka a ɓoye, musamman in ya tuna takardar harajin da ke jiransa a gida. Aka yi layi, kowa ya faɗi sunansa, ya jefa 'yar takardarsa a tsohon akwatin katako. Verna ta zuge tagarta ta rufe, ta tara ruwan zafi, ta hau wanke tukunyar wake. Ta wanke ta, ta ɗauraye, ta sake wanke ta. Ta ji layin ya ƙare, ta ji an juye akwati a tebur, an fara ƙirga.

Guduma. Muryar Marjorie ta ratso katakon taga.

"Masu son a rage, tamanin da takwas. Masu ƙi, ɗari da goma sha huɗu. Gyaran ya faɗi."

Ihun da ya biyo baya bai bar ta ta ji sauran ba. Ta kife bokiti ta zauna a kai, da kumfa har gwiwar hannu, tana dariya hawaye na zuba. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Noreen ta faɗo ta rungume ta, ta jiƙe rigarta da kumfa, ta fita da gudu don za a kaɗa kan kasafin gaba ɗaya. Aka kaɗa da baki, ya wuce, a'a ɗaya kawai aka ji daga layin gaba.

Da aka ba da hutun minti goma kafin a shiga sha'anin gari, wani ya ƙwanƙwasa ƙofar kicin. Royce ne, da hularsa a hannu.

"Na sha kaye, Misis Bouchard."

"Ka sha. Ya ka ji?"

"Da ciwo. Kuma maganar haraji tana nan, baɗi ma sai mun yi da Noreen."

"Ku yi mana, wa ya hana ku? Ku dai bar mini tukwanena."

Ya yi 'yar dariya, ya murza hular, bai tafi ba. Ta zauna tana jira, don ta san shi tun yana ɗan shekara shida, in yana da magana sai ya zagaya.

"Ƙaramar 'yata, Josie, za ta shigo aji ɗaya a watan Satumba," ya ce. "Na ce bari in gaya miki tun yanzu. Ba ta cin albasa. Ko kaɗan. Uwarta ta yi ta yi ta gaji."

Satumba. Verna ta ji kalmar ta zauna mata a ƙirji da ɗumi. Ta miƙe daga kan bokitin, ta goge idonta da bayan hannu.

"Kawo mini ita," ta ce. "Kafin Kirsimeti za ta nemi ƙari."